Mutum-mutumina ya tarwatse a tanderu: iska ce ko ruwa?

Rabi'atu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a aikin yumɓu. Na shafe mako shida ina gina mutum-mutumin wata dattijuwa a zaune, tsayinsa santimita 40, ta ɗora hannu ɗaya a gwiwa, ɗayan kuma ta tallafe haɓarta da shi. Na bar shi yana shan iska kwana tara har samansa ya yi fari ya bushe ƙayau, sannan na sa shi a tanderun lantarki. Ba a yi awa biyu da kunna wuta ba na ji wata ƙara kamar an jefa dutse a ƙofar ƙarfe, sai na kashe. Da na buɗe, na tarar ƙugu da cinyoyi sun yi kaca-kaca, gutsattsarinsu har cikin ramukan wayoyin wuta, amma kan da hannun da ke tallafe da haɓa suna nan lafiya lau, ko tsaga babu. Wanda ya koya mini aikin ya ce iska na kulle a ciki tun lokacin cuɗa yumɓun. Ban musa masa ba, sai dai zuciyata ba ta kwanta ba, domin yumɓu ɗaya na yi amfani da shi daga kai har ƙafa, kuma cuɗa ɗaya na yi masa.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Rabi. Allah ya mayar miki da alheri, domin duk wanda ya taɓa buɗe tanderu ya tarar da aikin mako shida a tarwatse ya san yadda abin yake. Ni dai abin da na taso na ji, kuma nake koya wa yarana fiye da shekara talatin, shi ne abin da malaminki ya faɗa: iska idan ta sami ɗaki a cikin yumɓu, zafi ya kumbura ta, ba ta da hanyar fita sai ta fasa bango. Shi ya sa ba na gasa abin da yake rufe ruf sai na huda masa ƙofa, ko da ta allura ce, a ƙarƙashi ko a bayan kunne inda ido ba zai kai ba. Ki gaya mana, kin rarake cikinsa kuwa? Kuma nawa ne kaurin bangon a wajen ƙugu?

Rabi'atu:
Na rarake kan da ƙirji, Baba Sani, kaurinsu bai wuce na ɗan yatsa ba. Ƙugu da cinyoyi kuwa na bar su dunƙule, domin ina tsoron kada nauyin sama ya durƙusar da shi. Na auna gutsure mafi girma yanzu, kaurinsa ya kusa santimita 9.

Hadiza:
To ai kin amsa tambayarki da kanki, ƙanwata. Baba Sani, da girmanka, a nan zan saɓa maka, kuma ina roƙon a duba lissafin kafin a yanke hukunci. Iskar da aka ɗumama daga zafin ɗaki har zuwa digiri 1000 a ma'aunin Salshiyas, girmanta yana ƙaruwa ne kamar sau huɗu da ɗan ɗoriya kawai, kuma ba a lokaci guda ba, a hankali cikin awanni masu yawa, alhali busasshen yumɓu cike yake da ƙananan kafofi waɗanda iska ke sulalewa ta cikinsu. Ruwa kuwa, da zarar ya kai digiri 100 ya zama tururi, girmansa yana ninkuwa kusan sau 1,700, kuma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Dunƙulen da ya kai santimita 9 ba ya bushewa a kwana tara. Samansa ne ya yi fari ya ruɗe ta, cikinsa yana nan da danshi. A lura kuma da lokacin da ƙarar ta tashi: ƙasa da awa biyu da kunna wuta, wato daidai lokacin da zafin ya ratsa cikin dunƙulen ya tafasa ruwan da ke ɓoye. Da iska ce, da babu dalilin da zai sa ta zaɓi ƙugu ta bar kai, tunda kan ne ma yake da babban ɗakin iska.

Malam Sani:
Na ji lissafinki, Malama Hadiza, kuma ba ni da ilimin da zan rushe shi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Magabata a ko'ina ba su yi ta huda aikinsu don wasa ba. Ki dubi kawunan Nok, tsofaffin mutum-mutumin yumɓun nan na Najeriya, waɗanda aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza, masanin kayan tarihi Bernard Fagg kuma ya tattara su ya yi nazarinsu tun daga shekarun 1940: ƙwayar ido a huje take, ƙofofin hanci a huje, sau da yawa har baki da kunne. Mutanen da suka yi wannan aiki fiye da shekara dubu biyu da suka wuce sun san abin da suke yi.

Hadiza:
Sun sani ƙwarai, Baba, kuma misalinka ya fi taimaka mini fiye da yadda ya taimake ka. Ban ce a daina huda ba. Ni ma ina hudawa. Abin da nake cewa shi ne ƙofar tana aiki ne domin tana barin danshin ciki ya fita tun lokacin bushewa, sannan ta ba tururi hanya a cikin wuta. Magina Nok ba huda kaɗai suka yi ba. Sun gina jikin da rami a ciki, suna ɗora igiyar yumɓu bisa igiya kamar yadda ake gina tukunya, kuma sun cakuɗa yumɓunsu da tsakuwa da ɓarɓashin dutse masu yawa, har ana ganin ƙwayoyin a fuskar waɗanda samansu ya zaizaye. Wannan gaurayen yana buɗe jikin yumɓu, ya rage ƙanƙancewarsa, ya bar ruwa ya fita. Illar koyar da cewa iska ce ke fasa aiki ita ce ɗalibi yakan ɓata ƙarfinsa wajen cuɗa, ya huda ƙofa, sannan ya jefa ɗanyen abu a wuta da kwanciyar hankali.

Usman:
Ina gaida manya. Ni ɗalibi ne, shekarata biyu kacal a wannan aiki, saboda haka tambaya ce da ni. Idan ido yana ruɗi, da me mutum zai tabbatar cewa aiki ya bushe har ciki? Sannan ga matsalar da Anti Rabi ta ambata, wadda ni ma take damuna: idan aka rarake ƙasan, me zai ɗauki nauyin saman?

Malam Garba:
Usman, tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, amma bari in fara da mai sauƙin. Hanya mafi tabbas ita ce sikeli: ka riƙa auna aikin kowace safiya kana rubutawa, ranar da nauyin ya tsaya cik kwana uku ko huɗu a jere, to ya bushe gwargwadon abin da iskar ɗakin za ta iya. Wasu suna ɗora shi a kumatu, idan suka ji sanyi sun san da saura. Duk da haka ba na yarda da kowace irin bushewa ta ɗaki. Nakan riƙe tanderu a tsakanin digiri 80 zuwa 90 na tsawon dare ɗaya, babban aiki ma har kwana guda cur, kuma kafin in ƙara wuta sai na kara madubi mai sanyi a ƙofar leƙe. In ya yi hazo, ban tashi ba.

Game da nauyi kuwa, dunƙule ba shi ne ƙarfi ba. Bututu mai bango santimita biyu yana ɗaukar nauyin da zai ba ka mamaki, kuma idan kana tsoro sai ka gina masa ɓoyayyun katangu a ciki, kamar haƙarƙari, ka huda kowace katanga domin ɗakunan su haɗu. Ni yadda nake yi, nakan gina siffar a dunƙule a kan sanda, domin hannu ya fi sakewa a haka. Idan ta yi taurin sabulu, wato ta daina manne wa yatsa amma farce yana shiga, sai in yanka ta da waya gida uku ko huɗu, in zare sandar, in rarake kowane yanki har bangon ya daidaita, in kakkarce bakin yankan, in shafa ruwan yumɓu mai kauri, in mayar in danne sosai, in cike layin haɗin da sabon yumɓu. Zare sandar wajibi ne, domin yumɓu yana ƙanƙancewa, sau da yawa kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari tsakanin bushewa da gashi, ƙarfe da itace kuwa ba sa bin sa, sai ya tsage a kansu. Daidaiton kauri ya fi sirantarsa muhimmanci. Inda siriri ya haɗu da kakkaura, kamar wuyan hannu da cinya, nan tsaga take fara leƙowa, shi ya sa nake naɗe yatsu da hanci da kunnuwa da leda in bar gangar jiki ta riga su shan iska.

Malam Sani:
Wannan maganar ta Malam Garba babu abin cirewa a cikinta. Abin da zan ƙara shi ne garin tsingaro. Duk yumɓun da zan yi babban mutum-mutumi da shi sai na zuba masa dakakken tsingaro, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, mai laushi da mai tsakuwa a gauraye. Yana cin hannu, kuma yana wahalar da mai son fuska sumul, amma ana iya shafe saman da lallausan yumɓu iri ɗaya. Haka kuma ina barbaɗa shi a kan kantar tanderu kafin in ɗora aiki, domin gindin ya sami damar jan jiki yayin da yake ƙanƙancewa. In ba haka ba nauyi yakan riƙe shi a wuri ɗaya ya tsage daga ƙasa.

Hadiza:
Kuma kada a ɗauka cewa an tsira da zarar an wuce digiri 100. Akwai wani ruwan da yake ɗaure a cikin ƙwayar yumɓun kanta, wanda ba ya fita sai tsakanin kimanin digiri 450 zuwa 600, kuma bayan fitarsa ne yumɓu yake daina komawa laka ko an jiƙa shi. A digiri 573 kuma ƙwayoyin yashin da ke ciki, waɗanda masana ke kira kwaz, suna kumbura farat ɗaya, su sake tsukewa a daidai wannan mataki lokacin da tanderu ke hucewa. Babban aiki wanda gefensa ɗaya ya riga ɗayan zafi yana iya tsagewa a nan, a hawa ko a sauka. Tsagar da ta faru a sauka ana gane ta da kaifin baki da siranta kamar gashi. Mai ɗokin buɗe tanderu tun yana da zafi shi ne ya fi haɗuwa da ita.

Ko manyan masana'antu ba su tsira ba. A shekarun 1730 masana'antar Meissen ta Jamus, wadda aka kafa a 1710, ta yi wa sarki Augustus manyan dabbobi da tsuntsaye na farin tangaran domin fadarsa ta Diresdin, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da tsagar wuta a fili har yau. Sojojin yumɓu na ƙasar Sin kuwa, waɗanda manoma masu haƙa rijiya suka gano a 1974 kusa da birnin Shi'an, kimanin 8,000 a ramukan da ke kusa da kabarin sarki Cin Shi Huwang da ya rasu a shekara ta 210 kafin miladiyya, ba a gina ko ɗaya a dunƙule ɗaya ba: gangar jiki rami ce, kai daban aka yi shi aka zura a wuya, hannuwa ma daban.

Rabi'atu:
Na gode ƙwarai, na fahimci inda na yi kuskure. Yanzu saura tambayar da ta fi ci mini rai: ko akwai yadda zan ceci wannan aikin? Na tattara gutsattsarin a kwali, manyan sun kai goma sha biyu, sauran kuwa gari ne. Wata ƙawata ta ce in haɗa su da sufa gulu in shafa fenti.

Hadiza:
Ki dakata da gam tukuna. Tunda kin kashe wutar da wuri, wataƙila aikin bai gasu ba sam. Ki jefa ɗan gutsure ɗaya a kofin ruwa: idan ya narke ya koma laka, to har yanzu ɗanyen yumɓu ne, gam ba shi da abin kamawa a jikinsa, kuma duk abin da aka liƙa zai ƙone a wuta ta gaba. A wannan hali sai ki jiƙa gutsattsarin ki sake cuɗa su, ki adana kan, ki gasa shi shi kaɗai.

Amma tunda an ambaci sufa gulu, bari in yi magana a kansa, domin aikina na yau da kullum gyaran irin waɗannan kaya ne, kuma rabin wahalata warware gyaran wasu ce. An taɓa kawo mini mutum-mutumin wani yaro mai busa sarewa, na jan yumɓu, wanda hannunsa ya karye. Mai shi ya liƙa shi da sufa gulu, hannun ya ɗan karkace, ya ɓalle shi ya sake liƙawa, har sau uku. Kowane ɓallewa yana tafiya da ɓawon yumɓun, gam ɗin kuma ya tsotse cikin kafofi ya bar baƙin tabo mai sheƙi a zagayen karayar. Sai da na yi kwana huɗu da auduga da asiton, sinadarin da ke narkar da gam, da tsinke kafin bakin karayar ya fito, kuma ko a lokacin bai ƙara haɗuwa daidai ba. Gam ɗin ifoksi mai haɗi biyu shi ma ga jan yumɓu matsala ne, domin ya fi jikin ƙarfi. Idan abin ya sake faɗuwa ba ya karyewa a tsohon wuri, sai ya buɗe sabuwar karaya a gefensa, ga shi kuma yakan yi rawaya da daɗewa. Abin da gidajen adana kayan tarihi suka fi amfani da shi ga yumɓu mai shan ruwa shi ne wani gam mai suna Paraloid B-72 da aka narkar a asiton, saboda ko bayan shekaru ana iya narkar da shi a warware haɗin ba tare da an cuci aikin ba. Kafin a shafa komai, a gwada haɗa gutsattsarin a bushe a san wanda zai riga wani, domin akwai gutsuren da in aka bar shi ƙarshe ba zai ƙara shiga ba, kuma kada a riƙa goga bakunan karaya da juna.

Usman:
Anti Hadiza, to me ya sa sai an ɓoye gyaran? Na ga yadda mutanen Japan suke yi, abin da suke kira kintsugi, suna haɗa karaya da ƙaron itace su bi layin da garin zinariya, sai karayar ta zama ado.

Malam Sani:
Ɗana, wannan ya dace da kwano. Fuskar mutum daban ce. Idan ka ja layin zinariya daga goshi zuwa haɓa, mai kallo ba zai ƙara ganin dattijuwar ba, layin zai riƙa gani. Ni a wurina gyara mai kyau shi ne wanda ko mai aikin sai ya lalubo kafin ya gane wurin.

Hadiza:
A kan zinariya ina tare da kai, Baba, amma ba na tare da kai a kan ɓoyewa ɗungum. Ƙa'idar da muke bi ita ce gyara ya ɓace wa wanda yake tsaye nesa da taku biyu ko uku, amma ya bayyana ga wanda ya matso da idonsa. Dalilin ba na ado ba ne. Wanda ya ɓoye gyara sarai yakan shafa fenti har kan lafiyayyen wuri domin launi ya saje, ya rufe aikin mai shi da nasa. Sannan wanda zai ɗauki abin nan gaba bai san inda yake da rauni ba. Haka kuma ta wannan hanyar ake yaudarar masu saye, a haɗa tsofaffin gutsattsari da sabon yumɓu a ce tsohon aiki ne cikakke. Sabon aikin da mutum ya yi da hannunsa, yana da ikon yin yadda ya so da shi. Tsohon aiki kuwa ko sake gasa shi bai halatta ba, domin gwajin da ake gane shekarun yumɓu da shi yana ƙirgawa ne daga wutar ƙarshe da ya shiga, sabuwar wuta tana share lissafin.

Malam Garba:
Tunda an gangaro kan kulawa, mafi yawan karayar da na gani ba a tanderu ta faru ba, a hannu ta faru. Ba a ɗaukar mutum-mutumi ta kai ko ta hannu, a tallafe gindi da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe gangar jiki, kuma a share wurin da za a ajiye shi tun kafin a ɗaga. Ƙura da busasshen buroshi mai laushi ake kaɗe ta. Tsumma yakan sarƙe a yatsa ya ɓalle shi. Jan yumɓun da ba shi da rufin gilashi, wato shafen nan mai sheƙi irin na tangaran, kada a tsoma shi a ruwa, domin yana tsotsewa da dattin, kuma idan akwai gishiri a jikinsa, jiƙewa da bushewa suna fito da shi ya yi farin gari a sama yana tura ɓawo. Wanda aka yi wa fenti bayan gashi ya fi kowanne tsoron danshi da rana. Ai sojojin Sin ɗin nan da aka ambata da launuka aka binne su a kan shafen ƙaro, amma da aka tono na farko, shafen ya naɗe ya zube cikin mintuna kaɗan da shan busasshiyar iska. Ajiyewa a waje kuma sai an yi tunani, musamman inda ruwa ke daskarewa, domin ruwan da ya shiga kafofi idan ya zama ƙanƙara yana fasa jiki. Abin da ya sa aikin gidan della Robbia, masu gina siffofin yumɓu, ya daɗe a bangayen birnin Filorens na Italiya tun ƙarni na 15 shi ne rufin gilashi mai haɗe da kuza da suka yi masa. Sannan mu kanmu: ƙurar busasshen yumɓu tana ɗauke da silika mai lalata huhu, saboda haka da jiƙaƙƙen soso ake goge wurin aiki, ba da tsintsiya ba.

Rabi'atu:
Na yi gwajin da Yaya Hadiza ta ce. Gutsuren da na ɗauko daga tsakiyar cinya bai yi minti goma a ruwa ba ya saki jiki ya koma laka, kuma da na fasa mafi girman da guduma na tarar cikinsa ya fi samansa duhu, alamar har yanzu da sauran danshi. Na jiƙa su duka a bokiti, zan zuba garin tsingaro kamar yadda Baba Sani ya ce. Kan yana kan sikeli tun jiya, na rubuta nauyinsa na farko.

Malam Sani:
Madalla. Idan kin zo gasa kan, ki duba ƙasan wuya ki tabbatar a buɗe yake. Malama Hadiza ta ce tururi ne zai fita ta nan, ni na ce iska, amma dai ki bar ƙofar. Kuma ki auna faɗin wuyan tun yanzu ki rubuta, domin sabon jikin da za ki gina zai ƙanƙance, sai ki yi ramin wuyansa ya ɗan fi wannan awon faɗi, in ba haka ba kan ba zai zauna ba.